Lambar da Ke Goshin Yaya

Shekara goma sha bakwai na yi ina kallon allura. A masaƙar Kakuri, kafin a rufe ta, aikina ke nan a ɗakin tukunyar tururi: in zauna gaban agogunan nan masu allura, in ta doshi jan layi in rage wuta, in ta faɗi in ƙara. Ban yi boko mai zurfi ba, amma lamba ba ta taɓa ruɗa ni ba, kuma nakan faɗi haka a gaban kowa, har da wanda bai tambaye ni ba. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi a sashen saƙa yake, inda ƙarar injuna ta cinye masa rabin ji. Ya girme ni da shekara tara. Shi ya ɗauko ni daga garinmu ya kawo ni Kaduna, shi ya tsaya mini har na sami aikin, shi ya yi mini aure. Har na yi furfura bai daina kirana Auta ba.

Da masaƙa ta mutu, shi ya koma gyaran keken ɗinki a bakin kasuwa, ni kuma na kafa injin niƙa a Makera, layi biyu tsakanina da gidansa. A nan ciwon zuciya ya same shi. Ƙafa ta riƙa kumbura, numfashi yana yi masa wuya in ya hau ɗan tudun masallacinmu. A zamanin korona 'yarsa da ke aure a Zariya ta aiko masa da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Tun ranar da ta iso na karɓe ta, don a ganina duk zuri'armu babu wanda ya kai ni cancanta. Na je wurin mai kemis ɗin layinmu ya karanta mini dokarta. Casa'in da biyar zuwa sama, lafiya lau. In ta sauka ƙasa da casa'in, a nemi asibiti. Na ce in ta kai saba'in fa, ko ƙasa da haka? Ya ce, "Baba, wannan ai sai dai addu'a." Na adana maganar nan a kaina kamar yadda na adana jan layin tukunya.

Kullum da safe kafin in tada inji sai na biya gidan Yaya. In gaishe shi, in maƙala masa abin a yatsa, in sanar da lamba da ƙarfi saboda kunnensa. Matarsa, wadda wasa ke tsakaninmu tun tana amarya, takan leƙo daga madafa ta ce, "Likitan gidanmu ya iso, a ba shi kujera, a ba shi shayi, kada ya rubuta mana allura." Ni kuwa ina jin daɗin sunan, ba zan ɓoye ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma mai shi ba ya jin nauyinsa sai ranar da ya zo juya wuya.

Ranar da abin ya faru safiyar Talata ce, da damina. Ranar ganin likitansa ce, muka hau Keke Napep zuwa wani asibiti da ke wajen Trikania. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, mai Keke yana ta kauce wa ramuka. Da safen nan na gwada shi, casa'in da huɗu. Muka zauna a bencin jira muna gardamar da muka saba, wai jiniyar masaƙa ƙarfe shida daidai take kuka ko saura kwata. Yana cewa, "Kai da kake ɗakin wuta me ka sani, mu da muke..." sai maganar ta tsaya. Ya kwanto a kafaɗata. Wallahi na zaci tsokana ce, har na ture shi da gwiwar hannu na ce ya tashi mutane na kallo. Sai na ji wani irin minshari ya fito daga maƙogwaronsa, hularsa ta faɗi ƙasa.

Akwai wani nas a wurin, ƙato, mutumin kudancin Kaduna, da ɗan gicciye a wuyansa. Yaya yakan tsokane shi duk zuwa, yana ce masa ɗan dambe ya ɓata hanya ya faɗo asibiti. Shi ya fara isowa. Ya taɓa wuyan Yaya, ya yi wata tsawa da Turanci, kafin in ɗauki hular nan daga ƙasa har sun ɗora shi a gadon turawa. Nas ɗin ya haye gadon ya durƙusa, ya haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirjin Yaya yana dannawa, ana tura su a haka. Suka shige wani ɗaki, ƙofa ta rufe, aka bar ni a waje da hula a hannu.

Ƙofar tana da gilashi a sama, daidai fuskata. Ta nan na ga komai, kuma da ban gani ba wataƙila da ya fi mana alheri. Likitar wata yarinya ce siririya mai tabarau, ba za ta girmi 'yata ta fari ba. Suka keta rigar Yaya da almakashi, sabuwar shadda. Suka zura masa roba a baki, wata sista tana matsa wani abu kamar balan-balan. Suka manna masa wasu faifai a ƙirji, kowa ya ja da baya, jikinsa ya yi tsalle a kan gado, nas ya koma dannawa. Ni dai ban san me nake kallo ba. Ban sani ba ko magani ake yi, ko gwaji, ko kuwa abin da doka ta ce su yi ne kafin su fito su ce a yi haƙuri.

Sai likitar ta goge goshin Yaya da auduga, ta manna masa wasu 'yan filasta biyu, ɗaya a dama da tabon sallarsa, ɗaya a hagu. Waya ta fito daga cikinsu zuwa wani ɗan akwati mai allo, allon kuma yana fuskantar ƙofa. Nan na sami abin da na sani. Na'urar yatsa da suka maƙala masa ba ta nuna komai sai 'yan layuka. Amma wannan ta goshi ta kawo lamba, kuma a gefen lambar ga 'yar alamar nan ta kashi cikin ɗari, irin wadda ke kan tamu ta gida sak. Talatin da ɗaya. Na goge gilashi da hannun riga na sake dubawa. Talatin da huɗu. Can kuma talatin da takwas.

Za a ce ai ka ga tana hawa. Na gani. Amma ni mutumin tukunya ne, na san allura takan yi 'yar rawa bayan wuta ta mutu, ba ta nufin komai. Mai kemis ya ce saba'in sai addu'a, to talatin da takwas fa? Mutumin da na gwada da hannuna da safe ya ba ni casa'in da huɗu. Na yi salati, na jingina da bango. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba. Na ciro waya na kira matar Yaya. Tana ɗauka ta ce, "Likita, har an gama?" Na ce, "Sai haƙuri. Yaya lokaci ya yi." Na ji wani abu ya faɗi ya fashe, na kashe wayar. Magana zarar bunu ce, kuma na riga na zare.

Na koma gilashi, na ga ba su daina ba. Abin ya fara ba ni mamaki, daga baya ya fara ba ni haushi. Nas ɗin nan gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan cikin Yaya, yana danna ƙirjin dattijo da dukan ƙarfinsa, kan Yaya yana girgiza, bakinsa a buɗe, ido rabi a buɗe, tsiraicin cikinsa a waje gaban mata. Mu tun muna yara an gaya mana gawa ba a yi mata da ƙarfi. A hankali ake juya ta, a hankali ake wanke ta, a rufe mata ido, a ɗaure haɓa, a lulluɓe. Da hannuna na yi wa mahaifinmu haka, Yaya yana riƙe da buta. Kuma ga shi babu wanda ya laƙƙana masa kalmar shahada, ni da nake kusa na ɓata lokacin ina ture shi da gwiwar hannu.

Sai na ji ƙas. Ta cikin ƙofa na ji shi, ko kuwa a jikina na ji, har yau ban tantance ba. Haƙarƙari ne ya karye.

Ban san lokacin da na tura ƙofar ba. Na tsinci kaina a bakin gado na riƙe wuyan hannun nas da hannu biyu, kuma hannun mai injin niƙa ba na wasa ba ne. Na ce, "Ya isa! Ku ji tsoron Allah, ya isa! Mutum ya rasu kuna karya shi?"

Nas ya ce, "Baba, abeg, sake ni! Sake ni, Baba!"

Na ce, "Ba zan sake ba. Ɗan'uwana ne, ba naku ba."

Likita ta ce a fitar da ni, amma babu mai hannu, kowa yana riƙe da wani abu. Sai ta zagayo da kanta, ta damƙi hannun rigata, yarinyar da ba ta kai kafaɗata ba, ta nuna allon nan da yatsa. Ta ce, "Baba, dubi nan. Dubi abin da kake yi masa."

Na duba. Talatin da biyar. Talatin da ɗaya. Ashirin da bakwai.

Ba zan yi ƙarya in ce na fahimta ba. Ban fahimci komai ba. Abin da na sani kawai shi ne shekara goma sha bakwai in allura tana faɗuwa a gabana hannuna ba ya jiran kaina, shi yake fara motsi. Na saki. Nas ya koma kan ƙirji ko kallona bai yi ba. Aka ture ni lungu kusa da wurin wanke hannu, aka manta da ni.

Daga lungun nan na yi kallon da ban taɓa yin irinsa ba. Ashirin da bakwai ta tsaya kamar ba za ta motsa ba. Sai ashirin da tara. Talatin da uku. Da nas ya gaji wata sista ta karɓe shi, hannunta bai kai nasa nauyi ba, lambar ta fara ja da baya. Likita ta ce, "Ƙara zurfi, ƙara sauri," sista ta ƙara, lamba ta tsaya, ta sake hawa. Ashe hannu take bi. In an danna ta hau, in an sassauta ta sauka. To gawa ce take amsa hannu haka? In kuwa ba gawa ba ce, me ya sa yatsa ya yi shiru? In yana da rai, me ya sa sai an danna? Na rasa ko in yi masa addu'ar mara lafiya ko ta mamaci, sai na riƙa haɗa su, in fara wannan in ƙarasa da waccan.

Suka sake sa masa wuta ta faifan nan na ƙirji, jiki ya yi tsalle, nas ya dawo. Arba'in da ɗaya. Arba'in da huɗu. Sai kawai ta yi wani tashi, hamsin da uku, hamsin da tara, kamar an buɗe famfo. Likita ta ce a dakata, ta sa yatsu biyu a wuyan Yaya. Ta ce wani abu da Turanci, nas ya daga ido sama ya sauke numfashi, sista ta ce Alhamdu lillahi. Hannu ba ya kan ƙirji, amma lambar ba ta faɗi ba. Sittin da biyu. Ni kuwa a lungu ina cewa a raina sittin da biyu ai har yanzu ba ta kai saba'in ba, murnar me suke yi?

Likita ta juyo ta ce, "Baba, zuciyarsa ta dawo. Yanzu ka fita."

Sai a baranda na tuna da waya. Kira goma sha ɗaya na tarar. Na kira matar Yaya, wata maƙwabciya ce ta ɗauka, a bayanta ina jin koke-koke. Ta ce an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya sanar bayan an kira shi, mutum biyu sun tafi maƙabarta da diga da shebur, 'yarsa ta taso daga Zariya. Ta ce yaushe za a kawo shi? Na ce ta ba matar gidan. Da ta karɓa na ce, "Yana nan. Zuciyar ta dawo." Sai ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Auta, wanne zan ɗauka? Na farko ko na biyu?" Na ce na biyu. Ta ce, "Ka tabbata? Ka gani da idonka?" Na ce na gani. Ta ce, "Na farkon ma ai da idonka ka gani." Daga ranar ba ta sake kirana likita ba.

Da la'asar likitar ta kira ni ofishinta. Na shiga a shirye in sha faɗa, sai ta ba ni kujera. Ta ce na'urar yatsa bugun jini take bi, in zuciya ta tsaya ba ta da abin karantawa. Ta goshi kuwa haske take turawa ya ratsa fata da ƙashi, ya dawo mata da labarin iskar da ta rage a jinin da ke gaban ƙwaƙwalwa, ko da bugu ko babu. Ta ce dokarsu ba ɗaya ba ce. Ni da nake zaune lafiya, in ta manna mini, da wuya in wuce sittin da wani abu ko saba'in. Ta ce sa'ad da ta fara mannawa Yaya yana ashirin da biyu, kafin idona ya kai kan allon ke nan, don haka talatin da takwas ɗin da na gani na kira gida, ita a wurinta albishir ne, alamar danniyar tana kai jini sama. Ta ce ba da lambar kaɗai take yanke hukunci ba, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar ba, su ma ba su daɗe da samunta ba. Haƙarƙari kuma yakan karye, in ji ta, ya fi a ce an ji tausayin ƙashi an bar ƙwaƙwalwa da yunwa.

Na ce, "Likita, to yana da rai a lokacin, ko ya mutu ya dawo?"

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Zuciyarsa ta tsaya. Ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ba. Sauran kuma, Baba, ka tambayi malamai."

Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce riƙon da na yi wa nas, nawa ya ci masa? Ta ce zuciyar ta yi sama da minti ashirin a tsaye, nawa rabon bai kai minti ɗaya ba. Na ce to bai yi komai ba ke nan. Ta ce, "Ban ce haka ba." Na ce to ya yi. Ta ce, "Wannan ma ban ce ba. Ba zan iya raba maka wane minti ne ya ci me ba. Mu jira ya farka mu ga abin da ya dawo da shi." Raina ya ɓaci, na ce ke da kike da injin da ke leƙa cikin kai, wannan 'yar tambayar ta gagare ki? Ta ce ta gagare ta. Na tare nas a bakin ƙofa na ba shi haƙuri, wuyan hannunsa ya yi shatin yatsuna. Na ce daƙiƙa nawa na riƙe shi? Ya ce, "Baba, ni ban duba agogo ba. A wurina dai ya yi tsawo." Ni a wurina kuwa ƙiftawar ido ce, kuma mu uku a ɗaki ɗaya muke.

A rana ta huɗu Yaya ya buɗe ido. Mai rabon ganin baɗi sai ya gani. Ya gane matarsa, ya gane 'yarsa, ya dube ni ya ce, "Auta, ina hulata?" Na yi kuka a gaban jama'a ban ji kunya ba. Bayan mako biyu muka dawo da shi Makera, mutanen da suka zauna a tabarmar makokinsa suka dawo yi masa barka, wasu suna dariya suna nuna ni. Na haɗiye, don na cancanci abin da ya fi haka.

A gida muka gane abin da ya dawo da shi da abin da ya bari. Sallarsa tana nan, surorinsa suna nan. Ya san sunan kowane ƙarfe a cikin keken ɗinki, ya san wanda ya yi aiki a inji na nawa a masaƙa. Amma sabon abu ba ya zama. Ya ci abinci, a kwashe kwano, ya tambaya ko an manta da shi ne yau. Kullum da safe sai ya dafe ƙirji ya ce me ya buge shi a nan. A gaya masa, ya yi salati, ya yi mamaki, gobe ya sake tambaya.

Ni kuma abin yana cina. In ya tambayi abu sau uku sai in ga lambar nan tana sauka, talatin da biyar, talatin da ɗaya, ashirin da bakwai, in ce wannan mantuwar daga nan ta fito. Can kuma in ce a'a, daga bencin jira ta fito, sa'ad da nake ture shi. Ko daga sauran minti ashirin ɗin da ba ruwana. Inji yana niƙa ina lissafi, har na taɓa zuba wa wata mata barkono a kan gero.

Wata safiya na kasa daurewa na gaya masa komai. Na ɗaga murya saboda kunnensa, don haka duk gidan ya ji. Ya saurara har ƙarshe, sai ya fashe da dariya yana riƙe haƙarƙari. Ya ce, "Kai da lamba! Har kabari ka sa aka haƙa mini? Wa aka sa a ciki?" Na ce wani tsoho daga layin bayanmu, washegari. Ya ce, "To ka yi masa hidima. Je ka, Auta, na yafe maka duniya da lahira." Ranar na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba. Da safe na zo da ƙarfina, ya dafe ƙirji ya ce me ya buge shi a nan.

Na je wurin limaminmu na tambaye shi: yafiyar da mai ita ya manta, tana nan ko ta tafi da shi? Ya ce tana nan, an rubuta, kuma ni ma da niyyar alheri na yi, in kwantar da hankalina. Na yi godiya na fito, amma hankalin bai kwanta ba. Bayan kwana biyu na sake gaya wa Yaya. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na sake, ya yi dariya kamar ta farko, har da tambayar wa aka sa a kabarin. Matarsa ta tare ni a zaure ta ce, "Wai me kake nema ne? Ya yafe sau nawa? Kai ne mara lafiyar ko shi?" Ina jin so nake wata safiya in zo in tarar ya riƙe, ya ce ai mun gama wannan maganar jiya.

Wata Alhamis na same shi a tsakar gida da keken ɗinkin wata maƙwabciya a gabansa. Ya kwance shi, ƙarafa a jere a kan tabarma, sukudireba a hannu, ya rasa me aka ce ya lalace. Matarsa ta gaya masa sau biyu, ya manta sau biyu. Ranar idonsa daban yake, kamar wanda ya farka a ɗakin da bai sani ba. Ya ce, "Auta, zo nan. Me ya same ni? Kaina ya zama kwando, ina zubawa yana tsiyayewa. Kada ka ɓoye mini." Na zauna na gaya masa, yadda na saba, har na san inda zai yi dariya.

Bai yi ba. Ya ce, "Suna ƙoƙarin tashina, ka riƙe musu hannu?"

Na ce, "Na zaci ka rasu, Yaya. Lambar..."

Ya ce, "Ka tambayi wani?"

Na ce ban tambaya ba.

Ya ce, "Ni na goya ka. Ni na kawo ka garin nan. Ka leƙa ta gilashi ka gama da ni, ko tambaya ba ka yi ba." Hawaye ya gangaro masa ya shiga gemu. Na ce ya yafe mini. Ya ajiye sukudireba a hankali ya ce, "Tashi ka ba ni wuri." Na tashi. Tun da aka haife ni bai taɓa korata daga gabansa ba. Ranar ban tada inji ba, na rufe shago na ce wa mata ba wuta, alhali akwai.

Washegari na yi ta zagaye layin kafin in iya shiga. Na yi sallama a zaure. Yana zaune a tabarma da kofin shayi, an haɗa keken an kai wa mai shi, ban san wa ya haɗa ba. Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ya ce, "Auta! Ina ka shige kwana biyu? Zo, zauna." Matarsa tana bakin madafa tana kallona. Sai tambayarta ta ranar nan ta dawo mini, wanne zan ɗauka. Sau tara ya yafe mini, sau ɗaya ya kore ni, kuma duk bakin nan ɗaya ne. Ban sani ba ko masu dariyar su ne Yaya, ko kuwa na ranar Alhamis ne kaɗai ya ji abin da na faɗa. Ban sake gaya masa ba tun daga ranar, kuma ban sani ba ko tausayinsa ne ya hana ni ko tsoro.

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro 'yar na'urar, ya ba ni, ya miƙo yatsa. Na maƙala. Ya riƙe mini hannu da ɗayan hannunsa. Muka jira lamba ta zauna.

Ya ce, "Nawa?"

Na ce, "Casa'in da bakwai."

Ya ce, "Lafiya lau ke nan?"

Na ce haka dai aka ce.

Ya ɗauki shayinsa ya kurɓa. Ya ce, "Ai in kai ka faɗa, na yarda."